Gonar hekta huɗu da agogo ya ce biyar da ɗoriya ce

Gonar da maganar ta taso a kanta tana kudu da Maraɗi, a gefen hanyar da ta nufi Ɗan Isa. Jigawa ce mai rairayi, irin wadda ake noman aya. Mai ita dattijo ne, gadonta ya yi, kuma ya daɗe da sanin cewa hekta huɗu ce, domin da wannan lissafin yake sayen taki kowace shekara. Da tarakta ta gama yi mata haro bayan ruwan farko, direba ya kira shi ya nuna masa fuskar wani ɗan akwati da aka ɗaure kusa da sitiyari. Lambar da ke kai 5.3 ce. Ya ce masa, "Baba, abin da agogo ya ba da ke nan, kuɗin wannan za a biya." Dattijon ya ce gonarsa ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba bana za ta fara ba. Ya ƙirga kuɗin hekta huɗu ya miƙa, direba ya ƙi karɓa.

Washegari mai taraktar ya aiko a kira ni. Ni malamin gona ne, kuma ya san ina da tef ɗin awo mai mita 50. Na rubuta abin da ya biyo baya ne domin irin wannan agogo ya fara shiga hannun masu ba da hayar tarakta, kuma kuskuren da aka yi a nan kowa zai iya yin sa.

Mai taraktar wani Alhaji ne, ɗan kasuwa a cikin gari, ba ya zuwa daji. Taraktarsa Massey Ferguson ce mai ja da tayoyin baya kaɗai, tana ɗauke da haro mai faifai. Ana biyansa ne a kan hekta. Kafin zuwan agogon, da taku ake awo: direba ya taka tsawo, ya taka faɗi, mai gona ya ce takun ya yi gajarta, a yi ciniki a rabu kowa da ƙorafi a ciki. Da yamma direba ya kawo kuɗin hekta shida, Alhaji ya dubi gazuwal ɗin da aka ƙona ya ga kamar na takwas ne, zargi ya shiga tsakani. Lokacin aikin kuma gajere ne. Da zarar ruwan shuka ya sauka kowa yana son a shiga gonarsa yau, babu mai haƙurin a tsaya ana jan tef. Don haka da wani abokin cinikinsa ya kawo masa wannan agogo mai nuna hekta da gudun tafiya, sai ya ga ƙarshen rigima ya zo. Ya ba mai gyaran wutar mota ya ɗaura a gareji cikin yini ɗaya.

Abin da agogon yake ƙirgawa

Abu na farko da na yi ƙoƙarin fahimtar da Alhaji shi ne cewa akwatin nan ba ya ganin gona. Juyin taya kawai yake ƙirgawa. Ana liƙa maganaɗisu a jikin ƙarfen taya, a kafa wani ɗan sanda mai waya, wanda makanikai ke kira sansa, dab da inda maganaɗisun zai riƙa giftawa. Duk giftawa ɗaya bugu ɗaya ne. Mutum ne yake gaya wa agogon tazarar da tarakta ke ci tsakanin bugu da bugu, mutum ne kuma yake gaya masa faɗin haro. Daga nan sai lissafi: yawan bugu sau tazara ya ba da tsawon tafiya, tsawon tafiya sau faɗi ya ba da fili, murabba'in mita 10,000 kuma shi ne hekta ɗaya. Gudu ma daga bugun yake fitowa, gwargwadon saurin da suke biyo juna. Idan lambobin nan biyu da aka ba shi ba daidai suke ba, ko kuma tayar tana juyawa alhali tarakta ba ta ci ƙasar da ta kai juyin ba, agogon zai ci gaba da ba da amsa har da ɗigo da ɓurɓushi, kuma babu abin da zai nuna cewa amsar ta kauce.

Na nemi a yi komai a gonar dattijon, a gabansa, da mai gari da duk wanda ke son kallo. Alhaji ya so a yi gyaran a gareji a dawo da tarakta shiru, amma na ƙi, domin labarin 5.3 ya riga ya zagaya ƙauyukan da ke kusa, kuma gyaran da ba a gani ba babu wanda zai yarda da shi.

Muka fara da jan tef. Gonar kusan murabba'i ce mai dogon gefe: mita 250 a tsaye, 160 a kwance. Murabba'in mita 40,000, hekta huɗu cif. Dattijon bai ce komai ba, ya koma gindin gawo ya zauna. Saura a gano inda hekta ɗaya da ɗigo uku ta fito.

Inda ƙarin ya shigo

Na leƙa ƙarƙashin tarakta na ga maganaɗisun a tayar baya aka liƙa shi. Na fahimci dalilin mai gyaran: akwai wuri a can, ba ta karkata da sitiyari, waya ba za ta wahala ba. Amma ita ce tayar da ke ja, kuma taya mai ja a cikin rairayi dole ta zame. Tana juyawa tana watsa ƙasa baya, tarakta ba ta cin cikakken zagayenta. Muka shafa wa tayar alli, muka fita kan hanya mai tauri haro a ɗage, muka ƙirga juyi goma: mita 43. Wannan ne mai gyaran ya auna a dandaɓar garejinsa, mita 4.3 kowane juyi, kuma a can gaskiya ya auna. Muka dawo cikin gona aka sauke haro zuwa zurfin da direba ya saba, muka sake ƙirga juyi goma: mita 37. Mita shida sun ɓace cikin 43, kusan kashi 14 cikin ɗari. Wannan ba alamar lalacewar tarakta ba ce, haka take idan tana jan kaya a ƙasa mai laushi. Illar ita ce agogon yana rubuta 43 a duk inda aka ci 37.

Na biyu faɗi ne. An shigar da mita 2.20, wato faɗin haro daga faifan wannan gefe zuwa na wancan, kamar yadda aka auna shi a tsaye. Amma babu direban da ke jera sahu baki da baki. Yana hawa kaɗan kan sahun da ya gabata don kada ya bar tsiri, tunda tsirin da aka bari shi ne abin da mai gona zai fara gani. Muka kafa turke, direba ya yi sahu goma kamar yadda ya saba, ban gaya masa abin da nake nema ba, sannan muka auna faɗin abin da ya kafce gaba ɗaya: mita 20 da ɗan yatsu. Ke nan faɗin aikinsa na gaskiya mita biyu ne.

Na uku, babu abin da ke tsayar da ƙirga idan an ɗaga haro. Agogon yana da waya ta musamman don haka, na same ta a naɗe an ɗaure da roba a bayan akwatin. Duk juyawar da tarakta ke yi a bakin gona, kimanin mita 12, tana shiga lissafi kamar an yi aiki.

Na zauna a kan ƙasa da takarda na haɗa su a gaban kowa. Faɗin mita 160 da sahu mai mita biyu, sahu 80 ke nan, kowanne mita 250, tafiyar aiki mita 20,000. Zamewar taya ta mai da ita kusan 23,240 a wurin agogo, ƙarin da ya kai hekta 0.71 idan aka buga da 2.20. Santimita 20 na faɗin da ba a ci ba, a tsawon mita 20,000, hekta 0.40 ne. Juyi 79 a bakin gona, kusan mita 950, sun ƙara 0.21. Huɗu da waɗannan uku sun ba da 5.32. Da direba ya ga lambar ta faɗo daidai kan abin da agogonsa ya nuna jiya, sai ya sauke numfashi. Tun safe yake jin ana kallonsa a matsayin wanda ya taɓa na'ura don ya cuci tsoho, alhali ko maɓallin saiti bai san inda yake ba.

Akwai wani abu da na duba tun kafin duk wannan, kuma ina ba kowa shawara ya fara da shi. Irin waɗannan agogo sukan zo da zaɓi biyu, hekta ko eka ta Ingilishi, wadda murabba'in mita 4,047 ce kawai. A nan mutane da yawa idan sun ce eka hekta suke nufi, alhali da ka tsallaka Jibiya ka shiga Katsina eka ƙaramar ce, sai an tara kusan biyu da rabi kafin a sami hekta. Namu a kan hekta yake, da a kan eka yake da lambar ta kai wajen goma sha uku.

Sake ɗaurawa

Muka mayar da sansa tayar gaba, wadda ba ta ja, turata kawai ake yi. Aikin mai walda ne ya fi yawa a nan. Dole ƙarfen riƙon ya zauna a jikin ɓangaren da ke karkata tare da taya idan an murɗa sitiyari, in ba haka ba tazarar da ke tsakanin sansa da maganaɗisu za ta riƙa buɗewa a kwana, bugu ya ɓace. Muka bar tazarar kamar milimita biyar, muka ɗaga gaban tarakta da jak muka juya tayar da hannu muna kallon agogo yana amsawa. Maganaɗisu biyu muka sa, suna fuskantar juna a ɓangarori biyu na ƙarfen tayar, nisa ɗaya ta kowane gefe, don lambar gudu ta daina tsalle. Waya muka bar mata sassauci, aka murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe aka ga ba ta ɗaurewa, sannan aka bi da ita ta jikin ƙarfe nesa da salansa, aka rufe ta da tiyo saboda ƙaya da kututturen sabara. Wutar agogon kai tsaye daga batir aka ɗauko ta a da, yana kwana a kunne. Muka mayar da ita bayan makulli, da ƙaramin fis.

Wayar da aka naɗe ta samu nata sansa a hannun da ke ɗaga haro. Wannan ya ci mana lokaci fiye da yadda na zata. Da farko mun kafa shi sama da yawa, sai an ɗaga haro ƙarshe ƙirga ke tsayawa, shi kuwa direba a juyi ɗan ɗagawa kaɗan yake yi, faifai su bar ƙasa kawai. Sai da muka sauko da shi sau biyu kafin ya riƙa yankewa daidai lokacin da faifan suka fita daga ƙasa.

Wanda taraktarsa ke ja da tayoyi huɗu ba zai sami wannan mafitar a tayar gaba ba, tunda ita ma tana zamewa. Sai dai ya nemi tayar da ke bin ƙasa kawai a jikin abin da ake ja, ko ya nemi agogo mai ɗaukar gudu daga tauraron ɗan'adam.

Saiti shi ne zuciyar aikin, kuma a cikin gonar muka yi shi, haro a ƙasa, tankin gazuwal kusan rabi, iskar taya an duba ta da safe. Takardar agogon ta ce a auna mita 100. Na ninka zuwa 200, ga dalili: da maganaɗisu biyu a ƙaramar taya, mita 100 bugu tamanin da ƴan kai ne kawai, kuskuren bugu ɗaya wajen danna maɓalli ya haura kashi ɗaya cikin ɗari. A mita 200 ya ragu da rabi. Muka kafa turke biyu, tarakta ta taso daga mita ashirin a baya don ta iso turken farko da gudunta na aiki, yaron direba yana tafe a gefe yana ɗaga hannu idan gatarin gaba ya zo daidai turke. Sau uku: 166, 167, 167. Mita 200 a raba da matsakaicinsu ya ba da mita 1.20 kowane bugu, wato 2.40 kowane juyi. Don in gamsar da kaina na sake auna tayar a hanya mai tauri, juyi goma suka ba da mita 23.5. Ke nan ita ma tayar gaba tana da nata bambancin a rairayi, sai dai ta ɗaya gefen: tana ɗan ja da ƙasa, tana cin fiye da zagayenta da kusan kashi biyu cikin ɗari. Ƙarami ne, amma ya isa hujjar cewa saitin gareji ba ya maye gurbin saitin gona. Muka shigar da santimita 120, faɗi mita 2.00.

Gudu kuwa da waya muka tabbatar da shi. A raba 360 da daƙiƙun da aka ɗauka a mita 100, abin da ya fito shi ne kilomita a awa. Tarakta ta ci mita 100 a daƙiƙa 58, wato 6.2, agogo yana nuna 6.2. Direba ya ce a wannan giyar jiya bakwai da ɗoriya yake gani. Na roƙe shi ya riƙe wajen shida a jigawa. Faifai masu gudu suna niƙe rairayi ya zama gari, iskar da ke gaban hadari a farkon damina ta kwashe shi ta binne tsiro. Na kuma ba Alhaji wani lissafi da zai yi daga shagonsa: gudu sau faɗi a raba da goma, shida sau biyu bisa goma, hekta 1.2 a awa idan babu tsayawa. Da juyi da gyare-gyare abin da zai samu bai wuce kusan hekta ɗaya a awa ba. Idan agogon hekta da agogon awannin inji suka yi nisa da juna, akwai abin tambaya.

Gwajin ƙarshe a gonar maƙwabci aka yi, wanda ya yarda a auna tasa da tef tukuna: 200 da 150, hekta uku. Aka goge agogo ya koma sifili a gabansa. Da aka gama ya nuna 3.05, ƙarin kuma daga bakin gona ne, inda sahun rufewa ke hawa kan wanda aka riga aka yi. Mai gonar ya ce wannan bai kai abin magana ba.

Alhaji ya karɓi kuɗin hekta huɗu a hannun dattijon, ya ce masa, "Baba, a yi haƙuri, laifin namu ne." Akwai gonaki uku da aka yi wa aiki da tsohon saitin, masu su sun biya ba su yi musu ba. Na ce a raba lambar kowannensu da 1.33 a mayar musu da rarar. Ba daidai-wa-daida ba ne, tunda zamewa tana canzawa da irin ƙasa, amma ya fi kusa da gaskiya. Biyu sun karɓi kuɗi, ɗaya ya ce a bar masa a aikin baɗi.

Itatuwa, da maganaɗisun da ya faɗi

Wata tambaya ta taso wadda tef bai warware ta ba. Gonakin yankin Maraɗi ba fili ne fetal ba. Tun shekarun 1980 manoma a nan suke barin tohon kututture ya girma, suna sassabe masa maimakon tumɓuke shi, har gonaki suka cika da gawo da kalgo da sabara. Tarakta tana kewaya su. Agogon kuwa abin da haro ya bi yake ƙirgawa, ba iyakar gona ba. Idan direba ya bar gindin itace ya wuce, lambar za ta gaza faɗin gonar. Idan ya zagaya ya dawo ya share gefe, za ta haura. Wani manomi ya ce shi gonarsa ya sani, a kan faɗinta zai biya. Direba ya ce gona mai itatuwa ta fi cin gazuwal da lokaci. Ra'ayina shi ne a biya abin da agogo ya nuna, amma da sharaɗin kada ya wuce faɗin gonar idan an taɓa auna ta, domin idan itace ya zama dalilin ƙarin kuɗi, wata rana wani zai ɗauko gatari, kuma asarar ta fi ta gazuwal nesa ba kusa ba. Alhaji ya yarda da haka a bakinsa, direba bai ji daɗi ba, tunda kasonsa daga hekta yake fitowa. Wasu samari sun kawo shawarar a riƙa zagaya gona da waya ana awo. A babbar gona yana taimakawa. A ƙananan filoti irin na Jiratawa kuwa kaucewar mita uku a gefen fili mai mita 50 tana iya sauya amsa da fiye da kashi goma cikin ɗari.

Bayan mako uku Alhaji ya sake kirana, murya a sama. Yini guda cur, agogo ya nuna hekta uku da rabi, gazuwal kuwa na bakwai aka sha. Zarginsa na da ya dawo. Na tambayi direba ta waya ko ya lura da lambar gudu. Ya ce tun hantsi take nuna uku a giyar da ta saba nuna shida, ya ɗauka zafin rana ne ya taɓa akwatin. Na ce ya leƙa tayar gaba. Maganaɗisu ɗaya ne a wurin, ɗayan gam ɗinsa ya saki ya faɗi a wata gona, agogo yana samun rabin bugu. Laifina ne a nan, domin na ga da gam aka liƙa su ranar ɗaurawa, na bari saboda rana ta yi kuma kowa ya gaji. Aka huda aka ɗaure sababbi da noti.

Daga ranar direba ya ɗauki al'adar duba abu uku kafin ya fita: maganaɗisu biyu suna nan kuma an goge ƙurar ƙarfen da ke manne musu, iskar tayar gaba, da lambar gudu a sahun farko. Na rubuta 120 da 2.00 da fenti a cikin murfin akwatin kayan aiki, don in saitin ya goge a san abin da za a mayar. A tsakiyar damina ƙaya ta yaga tayar gaban ta yadda faci ba zai riƙe ba, aka sayo wata ta hannu mai sauran ƙwari. Da yamma direba ya zo ƙofar gidana a kan babur ya yi sallama, ya ce, "Malam, a ara mini tef ɗin nan da turaku, gobe da sassafe zan sake jan mita ɗari biyu."